Gayyar da aka kira a ƙirjinka

Zuwa ga Yayana Mamman, mai kiran gayyar unguwarmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina fatan makwancinka ya yalwata. Na daɗe ina tauna wannan magana, don ka san halina, ba na furta abu sai na juya shi gaba da baya.

Ka tuna shekarar da sojoji suka karɓi mulki, ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Rijiyar lambu ta ja baya, kai da maƙwabcinka Malam Habu kuka yi cacar baki a kan wanda zai fara ban ruwa. Cikin fushi ya ce maka, "Za ka gani." Ba a jima ba tari ya kama ka. A Damagaram likita ya duba hoton ƙirjinka, ya ce ciwon daji ne a huhu. Mutanen gida kuwa suka ce jifa ne. Tun da muka rufe ka ɗanka Lawali bai sake gaida Malam Habu ba, ba kuma wanda ya taka gonarsa daga gidanmu.

Ni ban iya gardama ba, sai na koma karatu. Duk takardar wayar da kai da ake rabawa a asibiti na tattara, inda Faransanci ya fi ƙarfina wani malamin asibiti ya warware mini.

Yaya, ashe jiki ma yana da gayya. Idan mutum ya ji rauni, wurin yakan saki wani sinadari, masana na taƙaita sunansa da FGF. Shi ne gangar kiran gayyar. Kewaye da raunin akwai ƙananan halittu masu saƙa nama, ido ba ya ganinsu, kowace da kunnen da aka yi mata domin wannan kira. Suna ji sai su taru su yi ɗinki, a janyo sababbin jijiyoyin jini kamar yadda kake jan ruwa zuwa fangalin albasa. Ranar da lauje ya tsaga maka hannu, su suka rufe shi, mu muna ta yabon ganyen da muka shafa maka.

To, takardun sun ce wani ciwon dajin huhu yakan kaɗa wannan ganga, ya ƙi dainawa. Wani ma yakan ƙara wa kansa kunnuwa. Maƙwabtansa su ɗauka rauni ne, su zo su gina masa, su ja masa jini, har masu gadin jiki su sassauta masa. Ban ce naka irin wannan ba ne tabbas, don ba a yi maka wannan gwajin ba. Amma da na kai nan sai da na ajiye takardar. Matameye, garinmu, kaf ta bushe, amma a ƙirjinka ana ta ban ruwa dare da rana.

Kai ne kake cewa, "Wanda ya ji gangar gayya ba ya tambayar gonar wa." Subhanallahi, ashe har tsokarka a kan wannan take. Ban ga hannun maƙiyi a ciki ba, Yayana. Masu taimako na gani, waɗanda aka ruɗa.

Na san za ka ce, to ai amsa kiran ne ya cinye ni. Wannan ma na juya shi. Sai dai da za su daina amsawa, ko kaifin reza ba mai warkewa daga gare shi.

Yanzu ma sojoji ne a kan mulki, damina kuma ta zo a makare. Malam Habu ya tsufa, 'ya'yansa ba su dawo daga ci-rani a Kano ba, ciyawa tana neman cinye masa gero. An kira masa gayya gobe. Na zaunar da Lawali, na bayyana masa duk wannan. Sai na ɗauko fartanyarka na jingine a ƙofar ɗakinsa.

Da na dawo daga sallar la'asar, na same shi a zaure yana gyara mata ƙota.

Allah ya jiƙanka, ya sa numfashin da ya yi maka wuya ya zama kankarar zunubi, ya sanyaya zuciyar ɗanka, ya shayar da gonakinmu da ta Malam Habu. Amin.

Ƙanenka da bai daina kewarka ba,
Isufu