Kwalbar Baba

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Yaya Kailani ya yanke hukunci shi kaɗai kamar yadda ya saba. Wai za a kwashe tarkacen ɗakin Baba a sa masa gadon asibiti, ranar Asabar 'yan gwangwan za su zo. Har da amfilifayar jitarsa, na'urar ƙara sauti, wadda ya riƙa yi wa ma'aikatan jirgin ƙasa kiɗa da ita a Sabon Gari tun ba a haife ni ba. A gabansa aka faɗa. Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye magana ta ƙi fita, sai ido. Idon nan ne ya sa na ce a bar mini ita. Yaya ya ce, "Ummu, in ta yi magana kafin Asabar ta zauna, in ba ta yi ba ta tafi." To, mu zuba. Shekara huɗu na yi ina karatun lantarki ba don ado ba. Ni kiɗa bai dame ni ba, rainin ne ba na so.

Talata, 8 ga Oktoba
Na buɗe bayanta a tsakar gida. Gidan zanzaro biyu, kashin ɓera kuwa ba a magana. Ina jona ta fiyus ya ƙone. Kafasita biyu, masu riƙe caji, sun kumbura kamar ƙosai. Ni da ke koya wa ɗalibai a sauke cajinsu kafin a taɓa, sai ga shi na manta, ɗaya ta fizge ni har na zauna daɓas. Inna daga madafa: "Ummuhani, in kashe kanki za ki yi, bari a sauke tuwo."
Baba yau ma kalmarsa ɗaya: kwalba. Mako uku ke nan. An kawo masa ta magani, ta zuma, ta turare, duk ya kawar da kai. Yau har da hawaye.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na canza kafasitocin. Fiyus ya zauna. Duk fitilun gilashin nan na ciki sun yi ja, ban da ɗaya, kanta ya yi fari fat. Ko gurnani babu.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na kai matacciyar fitilar unguwar Kwangila, wurin Malam Ɗantsoho, tsohon mai gyaran rediyo. Na gaishe shi na zubo masa sunanta da Turanci har da lamba, ina ji da kaina. Ya ɗaga ta a haske, ya ce, "'Yata, kwalbarki ta sha iska. Irin wannan rabona da ita shekara ashirin."
Na ce, Malam me ka kira ta?
"Kwalba mana. Ku 'yan boko me kuke ce mata?"
Wallahi mako uku Baba, bawan Allah, yana gaya mana, mu kuma muna ɗura masa zuma. Kunya ta ishe ni a cikin Keke Napep har Tudun Wada.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Da hantsi na durƙusa gaban Baba na nuna masa matacciyar kwalbar. Na ce, Baba, wannan? Ya damƙi hannuna da hagunsa har sai da ya yi mini zafi, sannan ya nuna saman kabad. Akwatin jitar. A aljihun ciki, naɗe cikin tsohuwar hula, ga sabuwar kwalba dal a kwalinta. Ashe ya san wadda ta mutu tun tuni, ya ajiye mata magajiya.
NEPA kuwa suka ɗauke wuta har magariba, suka dawo da wata 'yar kyandir da ba zan yarda in gwada da ita ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Ƙarfe tara wuta ta zo cikakkiya. Mai kurar gwangwan yana ƙofar gida, Yaya na tsaye kaina yana duba agogo. Na zaunar da kwalbar, na kunna. Shiru. "Shi ke nan, Ummu," in ji shi. Na ce ka bari ta ɗumama, ba wayar hannu ba ce. Sai ja ya taso a hankali, sai huci siriri a lasifika. Na jona jitar na taɓa tsirkiya ɗaya.
Kaji suka watse. Inna ta yar da ludayi. Amfilifaya ta yi magana, har makwabta sun ji!
Yaya ya sosa ƙeya ya fita ya sallami mutumin da tsohuwar fanka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.
Baba ya miƙo hannu aka ɗora masa jitar a cinya. Yatsun hagu suka hau wuyanta suka danne, suna jira. Dama kuwa tana kwance. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya kalle ni. Na matsa gefensa na kaɗa masa da babban yatsana. Shi yana dannawa, ni ina kaɗawa. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa, daga baya ta ce wai hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Laraba, 16 ga Oktoba
Gyara dai ya ƙare, aikina ke nan. Kullum bayan la'asar nakan zauna masa rabin awa, don kawai in tabbatar kwalbar ba ta wuce kima da zafi. Babban yatsana ya yi bororo. Yau na yi saurin kaɗawa, ya buge mini hannu ya ce, "Sannu." Kalma ta biyu ke nan. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Gobe zan tashi aiki da wuri.