Ƙararrawar Ƙarfe Huɗu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Gaisuwar ke nan, sauran faɗa ne.

Na ji daraktanku yana son a canja shagon da za a ɗauki fitowar ƙarshe, wai agogo sun yi yawa, za su ɓata maka sauti. Gaya masa ni na rubuta fim ɗin nan, ni na zaɓi shagon, kuma ba don kyansa ba. Kai ka san na wane ne. Shekara goma sha tara ke nan da mijina, mai gyaran agogon nan, ya fice daga gidana, kwana uku da binne 'yarmu, ko "sai an jima" bai ce mini ba. Bai ɗauki riga ba, sai ɗan agogon kan tebur. Na karanta littattafai cikin kabad biyu ina neman mai hali irin nasa, ban samu ba, sai na zauna na rubuta shi da kaina.

Shafi uku jarumar za ta yi tana wanke mijinta tas. So nake a faɗe su a shagonsa, yana tsaye yana ji. In agogo sun dame ka, ku tsayar da su. Kai ne mai ɗaukar sauti, ba don ado aka ɗora maka abin kunnen nan kamar murfin tukunya ba.

Ka gaishe da kowa.
Yayarka ta gama magana.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, yara suna gaishe ki. An yi yadda kika ce.

Mai shagon ya gane ni tun daga ƙofa. Ya gaishe ni, bai tambayi komai ba. Da na roƙe shi, da kansa ya bi agogo arba'in da uku yana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya koma bayan kyamara ya tsaya, gilashin aikinsa a goshi.

Jarumar ta fara. Wallahi ta iya, har mai riƙe fitila ya sunkuyar da kai. Ta kai tsakiyar shafi na biyu, wurin da take cewa "ka bar ni da kabari ni kaɗai", sai ƙararrawa ta ɓarke daga cikin durowar teburinsa. Darakta ya daka tsawa, "Wane ne wannan?" Shi kuwa ya jawo durowar, bai kashe ba, ya bari ta gama. Ɗan agogon nan ne da ya tafi da shi, Yaya, mai shuɗin baya. Ya ce, "Ku yi haƙuri. Ƙarfe huɗu ne, lokacin maganin 'yata." Ba wanda ya tuna ya tsayar da kyamara.

Muna da ƙa'ida a aikinmu: bayan kowace fitowa kowa zai yi tsit na minti ɗaya in ɗauki shirun ɗakin, da shi nake cike giɓi wajen haɗa sauti. Na ɗauka. Ga shi na aiko miki tare da fitowar.

Zan iya goge ƙararrawar kamar ba a yi ba, jawabinki ya fita sumul. Darakta ya ce ke za ki yanke.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na saurara sau goma sha ɗaya.

Na farko jifa na yi da abin kunnen. Ashe bakin mutumin nan yana aiki! Ya iya gaya wa baƙi ashirin abin da ya kasa gaya wa matarsa. Ka san me ya sa shekara da shekaru nake roƙon a ba ni ajin yamma a makarantar da nake koyarwa? Don kada huɗu ta same ni a gida. Na ɗauka a duniya ni kaɗai na san abin da ke cikin ƙarfe huɗu.

Amma mintin nan naka, Auta. Ban san haka aikinka yake ba, ka yafe mini zancen murfin tukunya. Ban taɓa sanin shiru yana da kaya a ciki ba. Na ji numfashin mutum ashirin. Na ji awarwaron jarumar ya motsa, ta dafe shi. Na ji mota ta wuce can nesa. A ƙarƙashin duka kuma, ɗan agogon nan yana tafiya, tik, tik. Irinsa ba ya kwana biyu yana tafiya, sai an yi masa wani da hannu kowace safiya. Na ɗauki biro na lissafa safiya nawa ke nan, da na ga adadin sai na ajiye biron. Can kusa da ƙarshe wani ya haɗiye wani abu da ƙyar. Na san maƙogwaron nan.

Shekara shida ina gyaran shafi ukun nan, agogon gwangwani ya zo ya cinye su cikin daƙiƙa ashirin.

Kada ka goge ƙararrawar. Ku cire shafi na uku gaba ɗaya, ku sa mintinka a gurbinsa. Kada kuma daraktanku ya zuba kiɗan tausayi a kai, in ya yi zan zo da kaina. Ban yafe ba, ka rubuta wannan ka ajiye.

Yayarka.

*

Yaya,

Barka da war haka. An cire, an sa. Na koma shagon karɓo wayar fitila da muka manta. Ya tambaye ni, "Wadda ta rubuta ta gani?" Na ce ta ji. Ya daɗe yana goge gilashinsa.

Ƙaninki.

*

Auta,

Na gode. Agogon hannuna yana jinkirin minti biyar, ya daɗe da haka. Tambaye shi ko yana buɗe shago ranar Laraba. Ka ce da ƙarfe uku da rabi zan zo, kuma ba sauri nake ba.

Sai mun haɗu.
Yayarka.