Wannan Hannuna Ne

Bodinga, 4 ga Nuwamba, 1961

Zuwa ga ɗan Kaltume,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan. Babanka yana gaishe ka, yana Lambara wajen dashen albasa.

Kada ka yi mamakin karkatattun baƙaƙen nan, hannuna ne. Tun ranar da aka zaɓe ka cikin ɗaliban musaya, aka ce za ka Landan koyon aikin jarida, na shiga ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan Malama Maryam. Matan unguwa suna ta yi mini ba'a, wai tsohuwa za ta zama akawu. Na ƙyale su. Ba na son mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ya ji cikina.

An ce can rana ba ta fitowa sai ta ga dama. Kana rufe ƙirjinka? A ƙirji sanyi ke kama ka tun kana ƙarami. Ka riƙa tambayar irin nama kafin ka kai baki. Gwaggonka Kaltume tana Shagari lafiya, sai ƙafa da ke damunta.

Allah shi tsare. Ni ce,
Safinatu

Bodinga, 20 ga Fabrairu, 1962

Zuwa ga ɗan Kaltume,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta malamanka. Mu nan sai godiya.

Jaridar makarantarku da ka aiko wa Kaltume ta iso. Da kanta ta kawo ta Bodinga da ciwon ƙafarta, don mu ga sunanka a buge. Malama Maryam ta fara fassara mana, da ta kai tsakiya sai tari ya kama ta. Na ce ta ƙarasa.

Ka rubuta wa Turawa cewa uwarka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa dubanka ido da ido ba, ana yaye ka ta miƙa ka Shagari, ranar tafiyarka ma ba ta fito ba. Duk gaskiya ne. Amma ni ba ka tambaye ni ba.

Kai ɗan fari ne, kunyarka nake yi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata. Da na ɗauke ka gaban mutane, da har yau ana labarina a bakin rijiya. Ranar da Kaltume ta goya ka ta tafi, kwana bakwai ban iya cin tuwo ba, na ce zazzaɓi ne. Dambun naman da ake kai maka makarantar kwana a Sakkwato ni ke daka shi, in roƙi Kaltume ta ce nata ne. Ranar tafiyarka ina bayan rumbu, ta kafar danga na ga ka fita, wuyan rigarka a lanƙwashe, ba wanda ya gyara maka.

Lawali. Ga shi na rubuta. Sau uku ina gogewa, ka ga wurin ya yi baƙi. Takarda ba ta da idon da zan ji nauyi.

Ni ce mahaifiyarka,
Safinatu

Bodinga, 9 ga Yuni, 1962

Zuwa ga Lawali,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyyar Kaltume. Allah shi jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Ta riƙe ka riƙon da ban iya biyanta.

Amsar da ka aiko bayan wayar da aka buga maka ta rasuwarta, babanka ka rubuta wa, amma ni na karanta masa, don idonsa bai saba da boko ba. Da bakina na karanta inda ka ce wasiƙata ba muryar uwarka ba ce, a gaya wa Malama Maryam ta daina saka mini magana don ta faranta maka. Da bakina na karanta cewa an koya muku ba a karɓar labari sai da shaida na biyu. Na kuma karanta cewa wani gidan rediyo ya ba ka aiki, kana tunanin zama, tunda mai jiranka ta tafi. Babanka ya ce in sha ruwa, na ce ban jin ƙishi.

Ban ga laifin malamanka ba. Sai dai shaidata guda ce, kuma tana kwance a maƙabartar Shagari. Na yi niyyar in sa ta aiko maka da magana, na tsaya jin nauyi har kwana ya ƙare.

Ba zan yi maka ƙarya don ka dawo ba. In ka yi sallama a ƙofar gidan nan, na san kaina, zan sunkuyar da kai in shige ɗaki, in aiko maka da ruwa. Shekara ashirin da huɗu ba ta warwaruwa a rana ɗaya. Kai da ka koyi bin diddigin labari, kada ka tsaya a tsakar gida ka juya. Ka biyo ni ɗakin, ka ɗaga labule, ka ga halin da nake ciki da idonka.

In kuwa ka zauna can, ka faɗa mini ƙarfe nawa kake magana. Zan je gidan Malama in saurara.

Allah shi yi maka albarka. Ni ce,
Safinatu