Numfashin Da Baba Ya Tara Don Sunanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a makwancinki. Na san babu mai kai miki wannan saƙo, amma ke kaɗai nake son ba labarin.

Baba ba shi da lafiya, Inna. Tarin nan da kike cewa na taurin kai ne, likitocin Maraɗi sun duba sun ce ciwon daji ne a huhu. Mun dawo da shi gida da magunguna. Abin da ya fi ba shi wahala majina ce. Takan taru a ƙirji ta ƙi fita, in yana numfashi sai ki ji kamar tukunya tana tafasa a hankali.

Da farko mun yi abin da muka gada daga gare ki: muka kunna kaskon turarenki a ɗakinsa. Shi ma yana so, yakan lumshe ido ya ce a ƙara, sai tari ya sarƙe shi har hawaye. Majo, mai jinyar da ke zuwa daga Gazawa, tun a zaure ya ji ƙamshin ya hana hayaki kowane iri. Ranar da na fitar da kaskon na yi kuka, don ji na yi kamar ke ake fitarwa daga ɗakin a karo na biyu.

Murhu ya koma bayan rumbu. Matan maƙwabta, Allah ya saka musu, suka kai sussukarsu can gindin gawo don kada ƙaiƙayi ya iso shi.

Majo ya koya mini sauran. A zaunar da shi, ya sunkuya a kan matashi, ya kurɓi ruwan ɗumi da zuma kaɗan-kaɗan, a ajiye ruwan zafi gabansa ya shaƙi tururin. Sannan ya ja numfashi, ya huro da baki buɗe kamar mai hura madubi, har majinar ta taso. Dole wani ya tallafe shi, kuma ni ce, ɗiyar farin da bai taɓa kama sunanta ba. Kin san mijinki da kunya. In baƙi suka zo, gara ya haɗiye tarin ya shaƙe da ya tofar a gabansu. Yanzu korarsu nake yi yadda kike korar kaji daga shanya.

Da hantsi, in tururi ya rufe fuskarsa, layukan tsufa sukan ɓace mini, sai in ga saurayin da kika aura. Wani lokaci nakan ga wucewarki ta tsakar gida da ƙwaryar fura, ba kya taka ƙasa sosai. Nakan tuna ina ƙarama kin lulluɓe ni da zane ina sirace, kina cewa, "Ja a hankali, ba mai korar ki." Haka nake faɗa masa yanzu, da muryarki.

Sai ga matar ƙanena Sani ta haifi mace. Baba ya ce shi zai raɗa mata suna da bakinsa, mutumin da ba ya iya kai ƙarshen gaisuwa sai tari ya katse shi. Tsoro ya kama ni. Duk kwanakin nan ya daina doguwar magana, yana amsa gaisuwa da hannu, yana tara numfashi kamar mai tara iri.

Da safiyar suna muka yi komai a tsanake. Majinar ta yi gardama, sannan ta saki, ƙirjinsa ya yi shiru. Na naɗe jaririyar a tsohon zanenki, wanda ƙamshin turarenki bai bar shi ba, babu hayaki a ciki. Ya shaƙa, bai yi tari ba. Ya sunkuya ga kunnenta, ina riƙe da bayansa.

Inna, sunanki ya faɗa. A tafin hannuna na fara jin shi kafin ya iso kunnena. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba, kullum "uwar yara" ce ko "mai ɗakin nan". Sau ɗaya ya isa, amma ya sake faɗa, a hankali, kuma na biyun ba jaririyar yake kallo ba.

Ummi muke ce mata, don ba mai iya kiran ki gatsau a gidan nan.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sassauta wa Baba, ya ba shi numfashi mai sauƙi har iyakar kwanansa, ya raya mai sunanki. In lokaci ya yi ya iso gare ki, ki amsa masa, ya riga ya kira.

Wassalam.

Ɗiyarki ta fari,
wadda har yau yake kira "ke".