Notunan da Ba Ka Aiko Ba

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a nemanku. Mu ma nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma sallah a tsaye, sai dai likita ya hana ta hawa bene kuma ba ta ji. Babbar 'yata ta ci jarrabawarta. Maigidana yana nan da tarinsa na kullum. Baba kuma jikinsa lafiya lau, yana ci yana sha, kuma a kan maganarsa na zauna rubuta maka wannan.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Na zaɓe ta ne don ita ba a ce mata ana cikin aiki, za a kira anjima. Sau uku ina ɗauko maganar nan kana katse ni. Yau sai ka ji ta daga farko har ƙarshe, kuma ka yi haƙuri da ni, don raina a ɓace yake, ba zan iya shafa mata mai ba.

Ka tuna ranar da ƙafafun motar nan huɗu da ka aiko wa Baba suka iso. Unguwa gaba ɗaya ta fito kallo, rim na sabuwar mota, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, sai ƙyalli yake, mutum na ganin fuskarsa a jiki. Ka ce ka gaji da ganin a-kori-kurar Baba a hoto da tsofaffin rim na ƙarfe duk tsatsa, ka ce ka duba ka auna, ramin noti shida ne can, shida ne nan, magana ta ƙare. Baba bai so ba, ni na sani. Ya zagaya su sau biyu, ya ɗaga ɗaya ya ji nauyinta, ya ce ƙafafun da ke jikin motar ba su taɓa kai ƙararsa ba a shekara talatin da ɗaya da yake ɗaukar katako yana kai wa kafintoci. Amma bai so a ce ɗansa ya yi masa kyauta ya mayar ba. Ya nemi a jira Dogo, tsohon bakanikensa, wanda a lokacin yake kwance an yi masa aikin ido. Ka ce canza ƙafa ba ya buƙatar bakanike, kuma kana son hoto kafin ƙarshen mako. Mai facin bakin titi ya zo da jak da sifana, ya ɗaura su cikin awa guda da tsofaffin notunan, tunda kwalin bai zo da wasu ba. Muka ɗauki hoton, ka sa shi a wayarka duniya ta gani.

Ba a yi mako biyu ba Baba ya fara cewa sitiyari yana rawa a hannunsa, kuma ƙafar gaba ta hagu tana yi masa magana in ya ɗauki kaya. Haka ya faɗa, tana magana. Na kira ka, na sa wayar a tsakiyar tabarma kowa na ji. Ka yi dariya ka ce sabuwar ƙafa ba ta rawa, a duba dai hannun direba. Dukanmu muka yi dariya, har da ni, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Baba ya yi murmushi ya tashi ya fita. Daga ranar bai sake kawo mana ƙarar ƙafar ba, sai dai kullum da safe in gan shi durƙushe da sifana yana ƙara ɗaure notunan. Na ɗauka rigimar tsufa ce.

Abin da ya faru a gangaren kasuwar katako ka ji shi, amma a bakinmu ka ji, ba a bakinsa ba. Da hantsi ne, motar cike da kaya, ta fizge hagu ta faɗa kwata, ƙafar ta cire. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Baba ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ƙafar ce ta fara saki sannan motar ta faɗa. Mu kuwa muka yanke cewa faɗawar ce ta cire ƙafar, tunda ƙafa sabuwa ce direba kuma tsoho. A ranar ka kira mu ɗaya bayan ɗaya, ka ce ido ya tafi, hannu ya tafi, a karɓe makulli kafin ya kashe ɗan wani. Maza uku ne a gidan nan, ba wanda ya iya tunkararsa, sai aka ce ni ce 'yar gaban goshinsa. Ban ma tunkare shi ba, Injiniya. Na jira ya shiga wanka, na zura hannu a aljihun rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa, na ɗauke makullin kamar ɓarauniya, na jefa a aljihun keken ɗinkina. Da ya fito ya laluba, ya dube ni, ya sa rigarsa ya fita.

Mako bakwai ya yi a zaune a kan benci a ƙofar gida, motar tana gefe a kan bulo. Da farko kafintoci suna zuwa gaishe shi, daga baya suka samu wani mai mota, sai dai su ɗaga hannu in sun wuce. Wannan duk na iya jurewa. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne ranar da na kai masa ruwa na tarar ya miƙe hannayensa biyu a gabansa ya zuba musu ido, yana jira ya ga ko za su yi rawa. Da ya gan ni ya yi sauri ya sa su ƙarƙashin riga. Mutumin da yake gane ciwon mota da kunne tun ba a haife mu ba, mun taru mun sa ya daina yarda da jikinsa.

Da Dogo ya warke ya zo duba abokinsa, ya ce a bar shi ya ga motar. Ya kwance ƙafafun ukun da suka rage, ya jera su a ƙasa tare da wadda ta cire, ya aika aka kira ni. Ya ce in sa yatsa a ramukan. Babu ko ɗaya da ya rage a zagaye, duk sun goge sun yi tsawo kamar ƙwai, har na ƙafafun da ba su taɓa kwata ba. Ya ɗora mini tsohon noti a tafin hannu ya nuna mini bakinsa mai tsini. Ya ce don tsohon rim na ƙarfe aka yi shi, shi kuwa sabon rim noti mai faffaɗan baki da zobe yake so, mai dogon wuya da zai shige ramin ya zauna daram. Ga shi kuma sabon rim ya fi tsohon kauri, don haka notin bai kama zare sosai ba. Ya ce kowace tafiya notin yana cin ramin ne yana saki, ko wane ne a kan sitiyari. Har ya ƙara da cewa da wani ne ba Baba ba, da ƙafar ta cire tuntuni, ɗaurin da yake yi kowace safiya ne ya riƙe ta. Na tambaye shi ko za a mayar da tsofaffin rim. Sai na tuna kai ka ce a ba mai walda su don kada su cika tsakar gida, kuma tuni ya yanka su ya yi murhu.

Na kira ka a ranar. Na zaci za ka ce innalillahi, ka ce a ba ka Baba. Sai ka ce in bar maganar tsakaninmu, wai Baba ya riga ya saba da hutu, shekaru sun ja, ko babu noti ai lokaci ya yi. Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Kuskuren noti kowa yana iya yi, ko mai digiri ne. Amma ka san gaskiya, ka zaɓi mahaifinka ya ci gaba da ɗaukar laifin da naka ne, don kada a ce Injiniya ya ƙirga rami ya manta da noti. Ban ji maganarka ba. Na je na durƙusa a gaban Baba, na gaya masa duk abin da Dogo ya nuna mini, na ajiye makullin a kan gwiwarsa, na roƙi gafara. Ya ce ni ya yafe mini, aike na aka yi. Ya tambaye ni ko ka sani. Ban iya yi masa ƙarya ba. Ya ɗauki makullin ya mayar mini a hannu, ya ce in ajiye, wanda ya ce a karɓa bai ce a mayar ba.

To ka ji inda muke. Kada ka aiko da notuna, Dogo ya samo, ya kuma samo tsofaffin rim a wurin masu kayan gwanjo, motar ta sauka daga kan bulo tun jiya. Kada kuma ka aiko da wata kyauta, mun ga iyakar kyauta. Abu ɗaya nake nema. Yadda ka bi mu ɗaya bayan ɗaya ka ce hannun Baba ya tafi, haka za ka sake bin mu ka ce ƙafar ce. Sannan ka kira shi, in sa wayar a tsakiyar tabarma, ka faɗa da bakinka kowa na ji. In bayan haka shi ya ga dama ya ajiye tuƙi, wannan tsakaninsa da motarsa ne. Kuma ka yi da wuri, don Baba ya haura saba'in, ba shi da lokacin jiran ka gama jin kunya.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, ka shafa mini kan 'yan biyu. Inna tana gaishe ku, ta ce ka rage aiki. Goggo da Kawu da maigidana da yara duk suna gaisuwa. Kafin in rufe takardar na fita wurin Baba na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaya maka ya gode, ƙafafun suna da kyau, kowa ya yaba.

Wassalam. Ni ce yayarka, da ba ta daina ƙaunarka ba, amma tana fushi da kai.