Madaciyar Ragon Layya

Yaya Isaka,

Gaisuwa mai yawa. Ina lahiyarka, ina iyali, ina zaman Abidjan? Mu nan Tsarnawa lahiya lau.

Ɗiyarka Rakiya ta fid da mu kunya. Baba na cikin shan ƙwayoyin tari, sai ran layya ya kwankwaɗe madaciyar rago ɗanya, wai wankin ciki. Kwana huɗu idonsa ya yi ɗorawa. Kawu Mamman ya ce shawara ce, a ƙaro wata madaciyar.

Rakiya ta taho daga wurin aikinta, asibitin Konni, ta ce a'a gaban dattawa. Ta ce hanta ke sarrafa magani, ɗacin nan ya hana ta aiki, ƙwayoyin suka taru a jini. Kawu ya ce, "Yaushe aka haife ki?" Ita dai ta sa Baba mota, sai asibiti. Likita ya auna jini, ya maimaita maganarta.

Yanzu Baba na cin tuwo. Ka sa shi cikin addu'a, ka gaida Hajiya da yara. Kawu ma na gaisuwa. Shi da ya so hana Rakiya lakwal, karatun boko, jiya ya kai mata ƙwayoyinsa ta duba.

Ƙanwarka,
Hadiza