Yatsu Biyu na Hannun Dama

Jamus, 1996

Yaya Murjanatu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon ƙafa? Ya mutanen Yelwa?

Ni lafiya lau. An ɗauke ni daga gyaran injin jirgin ruwa, an zaunar da ni gaban kwamfuta. Ina zana injin, in gwada ko ƙarfe zai fita daga matsattsen wuri kafin mutum ya cusa hannu. Da an yi wannan gwaji watan jiya, da yatsuna biyu na dama suna nan. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi.

Kar ki faɗa wa Inna tukuna. Birgina na kamun kifi kuwa, ki ba ɗanki Ɗanjuma, a daina ajiye mini shi.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙaninki,
Habibu